Wasiƙa Ta Tara

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin aka bugo wa ofishin 'yan sanda na garin Ashcombe cewa an tsinci gawa a laburaren Kwalejin Whitlock.

Sufeto Nadine Pruitt ta ajiye kofi ɗin da ko kurɓa ba ta yi ba, ta ce wa Sajan Felix Ortega ya tayar da mota. Shekararta ashirin da biyu tana aiki a garin, ba a taɓa kiranta kwalejin a kan abin da ya wuce satar keke ba, ko ɗalibin da ya sha ya yi tatul ya kwanta a kan ciyawa.

"Wa ya mutu?" ta tambaya suna hanya.

"Wata dattijuwa mai kula da tsoffin takardu. Winifred Loomis."

Nadine ta juyo da sauri. "Winifred? Kai Ortega, sake duba sunan nan."

"Na duba, ranki ya daɗe. Ita ce."

Mahaifiyar Nadine ta yi shekara talatin tana girki a kicin ɗin kwalejin, ita kuma a laburaren take jiranta kullum in an tashi makaranta. Winifred ce ta fara ba ta katin aron littafi.

Ofishin marigayiyar yana can ƙarshen bene na ɗaya. A cikinsa akwai wata matakalar ƙarfe mai gangarawa ɗakin ƙasa, inda ake ajiye takardun tarihi. A gindin matakalar Winifred take kwance, gefen kanta a fashe, tabarau ɗinta ya yi tsalle gefe. Likitan gawa ya ce ga alama tun jiya Lahadi da rana abin ya faru, sauran bayani sai ya gama aikinsa.

"Tsohuwa da matakala," in ji Ortega. "Ƙila santsi ne ya ɗebe ta."

"To santsin ne ya kulle ƙofa ta waje ya tafi da makullan?"

Mai gadi sai da ya ɗauko makullin ko-ta-kwana kafin ya shiga, kuma an duba jakar Winifred da aljihunta, babu makullanta.

Nadine ta durƙusa ta haska tocila. Ga rabin sawun takalmi da jini, ga wani, ga wani, suna dushewa, sun nufi wata kanta a cikin ɗakin. Wato wani ya sauko, ya tsallake matar tana kwance cikin jini, ya wuce harkar gabansa. Sawun ya ƙare a gaban wani kwali mai lamba goma sha huɗu.

Tana nan tsugune ta ji hayaniya a sama. Wani dattijo ne mai farin gashi yake roƙon ɗan sandan bakin ƙofa ya bar shi ya shiga. Babu wanda bai san Farfesa Alden Rutledge ba a Ashcombe. Shi ne masanin tarihin da ya gano Wasiƙun 'Yanci shekara arba'in da biyar da suka wuce, wasiƙu tara da aka ce wanda ya kafa kwalejin, Rabaran Eleazar Whitlock, ya rubuta wa wani ɗan majalisa mai suna Silas Pomeroy a shekarar 1787 yana la'antar cinikin bayi. Da su kwalejin take tinƙaho. Jimla ɗaya daga cikinsu har a dutsen saman ƙofar laburaren an sassaƙa ta: Ba a gina ilimi a kan wuyan da ke ɗaure da sarƙa. Nadine da kanta ta karanto ta da ka a gaban taro tana 'yar shekara tara.

"Nadine, 'yata," in ji shi. "Gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Farfesa. Sannu. Yaushe rabonka da ita?"

"Tun ranar Juma'a. Muna shirin baje kolin bikin tunawa da kafa kwaleji." Ya share ido da hankici. "Shekara arba'in muna aiki tare."

"Mene ne a kwali na goma sha huɗu?"

Ya ɗago kai. "Wasiƙun. Me ya faru da su?"

Nadine ta sa safar hannu ta hawo da kwalin. A ciki akwai fayil guda, ɗaure tsaf da farar igiyar auduga. Ta kwance. Babu komai.

Farfesa ya dafe bango, sai da Ortega ya tare shi ya zaunar da shi a kujera.

Bayan an raka shi waje, Nadine ta nuna wa Ortega igiyar. "Ka lura da ɗaurin kafin in kwance? Irin na sauran kwalayen ne sak. Ɓarawon da ya kashe mutum ba ya tsayawa ɗaure igiya, sai wanda hannunsa ya saba."

Mai gadin, Duane Hatch, wani ƙato ne mai tumbi, yana ta murza hularsa a ɗakin masu gadi.

"Jiya kai ne a kan aiki?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Daga safe har shida. Kowace awa ina zagaye."

"Kowace awa?"

"Ko ɗaya ban tsallake ba."

Ortega ya leƙa kwandon shara, ya zaro kwalin fiza da ƙasusuwan fukafukan kaji, ya dubi ƙaramin talabijin da ke kan firji. "Duane, nawa da nawa aka tashi wasan ƙwallon jiya?"

"Ashirin da bakwai da ashirin da huɗu! Ai minti na ƙarshe nan, da ka ga yadda…" Ya katse maganar, fuskarsa ta yi ja.

"Ci gaba mana," in ji Nadine. "Da zagayen ka gani ko da idon bayanka?"

"Don Allah kada a kai ni gaba. Daga ɗaya zuwa huɗu da rabi ban motsa daga nan ba. Amma wallahi ban san komai ba."

"Kafin ɗaya fa? Wa ya shigo?"

"Madam Loomis ta zo wajen sha biyu. Sai wata koriyar mota mai lambar New York, ta tsaya a bayan laburare. Wani siririn mutum ya fito da jaka. Akwai rubutu a jikin motar, Kessler da wani abu."

A minti goma Ortega ya gano mai motar. Barnaby Kessler, dillalin tsoffin littattafai da rubuce-rubucen hannu, shagonsa yana wani gari a tsallaken iyakar jiha, tafiyar awa biyu.

"Shi ke nan ai," in ji Ortega yana tuƙi. "Dillali, takardu masu daraja, ya iya ɗaurin igiya. Kafin azahar mun gama."

"Ka cika gaggawa kamar mai shan miya da zafinta. A ɗakin nan akwai taswirori da suka fi wasiƙun sauƙin sayarwa, bai taɓa su ba. Wasiƙun da duk jihar nan ta san su, wa zai saya?"

Sun sami Kessler a shagonsa yana cin burodi da kifi a kan wani tsohon ƙamus. Da ya ga katin aiki, lomar ta tsaya masa a wuya.

"Ina ka je jiya, Mista Kessler?"

"Gida. Ban fita ba."

"Motarka ta fita ita kaɗai ke nan. An gan ta a Ashcombe."

"Au, to… na bi ta can. Kallon ganyen itatuwa da ke canza launi da kaka."

"A bayan laburare? Winifred Loomis ta mutu, an sace Wasiƙun 'Yanci, kai ne baƙo na ƙarshe da aka gani. Ko ka yi magana a nan, ko a ofis."

"Ta mutu?" Burodin ya faɗi daga hannunsa. "Winifred? Ya Ubangiji! Ni na ɗauka kwalejin ce ta turo ku saboda takardar."

"Wace takarda?"

Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da wata takarda cikin leda mai kauri. Launinta ya koma ruwan ƙasa, rubutun a kwance, tawadar ta yi tsatsa-tsatsa. A ƙasa ga sa hannun Eleazar Whitlock.

Ortega ya kai hannu ga ankwa. "Ga ɗaya. Ina sauran takwas?"

"Tsaya, Sajan! Ita ta ba ni, ga takardar shaida da hannunta. Cewa ta yi kada in gaya wa kowa, shi ya sa na yi muku ƙarya." Ya kunna wani teburin gilashi mai fitila a ƙasa, ya ɗora wasiƙar. "Sufeto, matso. Masu yin takarda a zamanin da suna saka tambarinsu a cikin jikin takardar, ba a gani sai haske ya ratsa ta. Dubi wannan kusurwar. Me kika gani?"

Nadine ta sunkuya. A bakin takardar, inda aka yanke ta, wasu lambobi sun fito kamar inuwa. "Takwas, sifili, tara."

"1809 ke nan, an yanke ɗayan. A saman wasiƙar kuma me aka rubuta?"

"1787."

"Whitlock ya mutu a 1798. Ki gaya mini yadda mamaci mai shekara goma sha ɗaya a kabari ya yi rubutu a kan wannan takarda."

Nadine ta ji kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashinta.

"Kana nufin jabu ce?"

"Duka taran. Aiki ne na gwani, ban taɓa ganin irinsa ba. An yanko fararen shafuka daga bayan tsoffin littattafai, an haɗa tawada irin ta da, an kwaikwayi hannun mutumin. Takwas ɗin an kauce wa tambarin. Wannan ce kaɗai ta kuɓuce masa."

"Shekara arba'in da biyar ba wanda ya lura?" in ji Ortega.

"Tun da aka gano su aka manna su a kan kwali mai kauri, wai don kada su yage. Haske ba ya ratsa kwali. Makon jiya Winifred ta ɓanɓare su don a ɗauki hotonsu saboda biki, sai ta gani. Ta kasa barci. Ta kira ni in tabbatar mata, ta ba ni wannan in kai ɗakin gwaji."

"Ƙarfe nawa ka bar ta?"

"Biyu saura. Tana nan lafiya lau, sai dai tana kuka. Na ce ta kai maganar hukumar kwaleji. Ta ce a'a, akwai wanda ya kamata ya fara ji daga bakinta."

"Wa?"

"Ba ta faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba." Ya sunkuyar da kai. "Sufeto, ke ma kin san wanda ya gano wasiƙun."

A hanyar dawowa Ortega ya buga waya. Na'urar karɓar kuɗin hanya ta nuna motar Kessler ta bar jihar ƙarfe biyu da rabi. Shugabar kwalejin, wadda ita ma tonon asirin zai ɓata mata biki, tana Chicago tun ranar Asabar, mutum ɗari sun gan ta a taro.

"Farfesa Rutledge shi ya yi jawabi ranar da aka binne mahaifiyata," in ji Nadine, idonta a kan titi. "Ya ce ba a taɓa yin mai gasa kek irin nata ba a kwalejin."

"Ƙila shi ma yaudararsa aka yi. Ƙila wani ne ya yi jabun tun da can."

"Ƙila. Nemo mini jerin kiran da aka yi da wayar teburin Winifred."

Da safiyar Talata jerin ya iso. Kira ɗaya ne ranar Lahadi, ƙarfe biyu da minti goma, na minti uku. Lambar gidan Farfesa Rutledge ce.

Gidan yana kan titin bayan majami'ar kwaleji. Matarsa Harriet ce ta buɗe ƙofa, wata tsohuwa mai fara'a da gari a hannuwanta.

"Nadine! Shigo, shigo. Yana ciki yana rubuta jawabin da zai yi gobe a taron addu'ar Winifred. Tun jiya ko abinci bai ci ba."

"Abin da ban tausayi. Ranar Lahadi ma yana gida ke nan lokacin da abin ya faru?"

"Yana nan. In ban da fita da kare da ya yi wajen uku. Ya daɗe kuwa, har na fara faɗa. Da ya dawo wai sanyi yake ji, ya hura wuta a murhun ɗakin karatunsa, a wannan rana mai daɗi! Tsufa dai."

Farfesa yana zaune a bayan teburinsa da silifas a ƙafa. Nadine ta saci kallon murhun. An share shi fes, ko toka babu.

"Farfesa, ka ce rabonka da Winifred tun Juma'a."

"Haka ne."

"Ta kira gidan nan ranar Lahadi."

Ya bugi goshinsa. "Kin ga aikin tsufa. Ta kira, a kan inda za a ajiye kujerun baƙi. Cewa na yi rabona da ganinta, ba da jin muryarta ba."

"Da ka fita da kare, ina ka bi?"

"Bakin kogi, kamar kullum. Nadine, tuhumata kike yi?"

"Kowa nake tambaya, Farfesa, aikin ke nan." Ta miƙe tana rufe littafinta, sai ta tsaya kamar ta tuna wani abu. "Af, ga wani labari da zai ɗan sanyaya maka rai. Mun sami wata 'yar takarda da ta rubuta, cewa ta ware wasiƙa ɗaya daga cikin taran ta ajiye daban. Wataƙila tana nan a ofishinta, ɓarawon bai gan ta ba. Jibi Alhamis masu bincike za su zo daga Boston su kwance ofishin kaf. In an dace, ko ɗaya ce ta tsira."

"Madalla," in ji shi. Amma alƙalamin da ke hannunsa ya ɗiga tawada a kan jawabin, bai ma lura ba.

Suna shiga mota Ortega ya ce, "Ƙarya fa kika shara masa."

"Rabi. Ta ware ɗaya da gaske. Duk duniya ta ɗauka tara aka sace. Mutum ɗaya ne ya san takwas ya samu, kuma tun Lahadi yake tunanin inda ta taran take. Ka janye ɗan sandan bakin ƙofa gobe."

Da yamma rahoton likitan gawa ya iso. Nadine ta karanta sau biyu, ta kife shi a kan tebur, ta daɗe tana kallon bango.

Ranar Laraba aka rufe laburaren don makoki. Taron addu'a ƙarfe goma sha ɗaya ne, jawabin Farfesa kuma sai ƙarshe. Tun tara Nadine da Ortega suka shige wani ƙaramin ɗakin ajiya da ke cikin ofishin Winifred, suka bar ƙofarsa a ɗan buɗe, suka sa mai gadi ya kulle ofishin ta waje.

Goma ta wuce. Goma da rabi. Ortega ya fara raɗa cewa ƙafarsa ta sage.

Sai suka ji makulli yana juyawa.

Farfesa Rutledge ya shigo cikin baƙar kwat da farin fure a ƙirji. Ya tura ƙofa a hankali, ya nufi teburin. Ya jawo aljihun tebur na farko, ya birkice shi, na biyu, na uku. Ya durƙusa da ƙyar yana laluben ƙarƙashin teburin, yana haki, yana zazzage littattafai ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta nan, Farfesa."

Ya juyo a firgice. Tarin makullai ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa. Ortega ya ɗauka da hankici. A jiki akwai ɗan katin roba mai suna W. Loomis.

"Ni… littafina na zo ɗauka."

"Da makullan matar da aka kulle a ciki tana kwance cikin jini? Wasiƙar tana hannunmu tun Litinin. Mun ga 1809."

Ta karanto masa haƙƙinsa, cewa yana iya yin shiru, yana iya neman lauya. Bai ko saurara ba. Ya zauna a ƙasa a tsakiyar takardun da ya watsar, ya cire tabarau.

"Shekara uku na yi ina tonon takardun Whitlock," in ji shi a hankali. "Ina matashi, ba a tabbatar da ni a aiki ba, Harriet na da ciki. An ce in ban fito da wani abu ba, in nemi wani wurin. Kalma ɗaya mai kyau nake nema daga bakin mutumin nan. Kin san abin da na samu? Wasiƙa ɗaya ta gaske zuwa ga Pomeroy. Yana roƙonsa ya sa a kamo masa wata baiwarsa da ta gudu, sunanta Dinah. Har tabon da ke kumatunta ya kwatanta."

Kakannin Nadine, baƙar fata kamar Dinah, suna garin nan tun kafin a yi titin jirgi, ba ta taɓa jin wannan suna ba. "Ina wasiƙar?"

"Na ƙone ta. Tun a lokacin."

"Ka ƙone ta."

"Sai na rubuta abin da ya kamata ya faɗa. Wa na cuta? Dubban yara sun tashi da jimlar nan. Ke ma kin karanta ta, ina zaune a layin gaba, na tafa miki."

"Kada ka sa ni a ciki. Matar nan takarda ɗaya ta rage mata a duniya mai ɗauke da sunanta, ka jefa a wuta, ka wanke wanda ya sa a farauto ta. Gaya mini abin da ya faru ranar Lahadi."

"Ta kira ni, na ɗaure kare a baya na shigo. Ta shimfiɗa su a kan teburin nan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, 'Alden, na ba ka zuwa Laraba ka faɗa da bakinka, zan tsaya a gefenka.' Na roƙe ta. Na ce shekarata saba'in da huɗu, ta bari in mutu tukuna. Ta ce ba za ta baje wa mutane ƙarya tana sane ba. Ta tattara fayil ɗin za ta sauka da shi. Na riƙe, ta riƙe. Na fizge, na ture ta." Ya dubi tafin hannunsa. "Sau ɗaya."

"Sannan?"

"Na sauka. Ba ta motsi. Na kwashe wasiƙun, na mayar da fayil ɗin wurinsa, na kulle ƙofa. Ban san me ya sa na kulle ba. Sai a gida, a gaban wuta, na ƙirga na ga takwas. Takalman suna cikin kogi." Ya ɗago jajayen idanu. "Abu ɗaya ne ke riƙe da ni, Nadine. Nan take ta tafi. Ba ta sha wahala ba."

Nadine ta zaro rahoton likita daga aljihunta. Ta yi niyyar bari sai a ofis, amma ta buɗe.

"Ka taɓa wuyanta ka ji ko tana numfashi?"

"Ban… jinin ya yi yawa."

"Suma ta yi. Likita ya ce ta farfaɗo, ta rayu kusan awa uku. Ta ja jiki ta hau matakala huɗu kafin ta sake gangarowa, ga jinin tafinta a jikin ƙarfen. Ya ce da an kai ta asibiti cikin awa ta farko, da yanzu tana zaune a kan gado tana shan shayi. Wayar nan da ke kan tebur, lamba uku kawai za ka danna a turo motar asibiti."

Farfesa ya saki wani irin sauti, kamar na dabbar da tarko ya kama. Ya kifa goshinsa a ƙasa yana kiran sunan Winifred. Ortega, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana ganin gawarwaki, ya juyar da kansa gefe.

Sai da suka ɗaga shi su biyu. Nadine ta sa masa ankwa ta gaba, ta cire farin furen daga ƙirjinsa ta ajiye a kan teburin.

Suna fitowa ƙararrawar majami'a tana bugawa. Motar tana can ƙetaren fili, babu hanyar da za a bi sai ta gaban jama'a. Malamai da ɗalibai da tsoffin ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofar majami'a suna jiran mai jawabi. Wani ya hango su ya ɗaga hannu da murna, sai ya ga ankwar, hannun ya tsaya a sama. Surutun ya mutu daga gaba zuwa baya.

Harriet ta ratso mutane da takardun jawabinsa a hannu. "Alden, ka manta da… Nadine, mene ne haka? Ku cire masa wannan abu! Alden, gaya musu kuskure ne."

Farfesa ya tsaya. Ya dubi matar da suka yi shekara hamsin tare, ya dubi taron.

"Ba kuskure ba ne, Harriet," in ji shi, da muryar da ta saba cika ɗakin lacca. "Ni na rubuta wasiƙun Whitlock. Ni na kashe Winifred."

Takardun suka zube daga hannunta. Babu wanda ya sunkuya ya tsince su.

Ortega ya buɗe ƙofar baya, ya dafa kan tsohon ya shigar da shi. Nadine ta kira wata malama ta ce ta riƙe Harriet ta kai ta gida, kada a bar ta ita kaɗai. Sannan ta shiga gaba ta ja ƙofa.

"Ofis?" in ji Ortega.

"Ofis. In mun gama rubuta bayani, ka nemo mini lambar ma'ajiyar takardun jiha. Pomeroy ɗan majalisa ne, ba zai rasa amsa wasiƙar nan ba. Ina so in san ko sun kama Dinah."